Yadda DNMT1 ke tsare alamar metil a jikin DNA, da abin da ke faruwa idan aikinsa ya karkace

An yi tambaya cewa: tunda kusan kowane sel na jikin mutum DNA iri ɗaya yake ɗauke da shi, kuma an ce alamar metil tana cikin abubuwan da ke sa sel na hanta ya zauna a matsayin na hanta, na fata ya zauna a matsayin na fata, to me ya hana wannan alama gogewa alhali sel yana ta rabuwa, wane enzayim ne ke tsare ta, kuma ina alaƙarsa da cuta?

Enzayim furotin ne da ke gudanar da wani aikin sinadari a cikin sel, kuma wanda ake nufi a nan shi ne DNMT1. Abu na farko da ya kamata mai tambaya ya riƙe game da shi shi ne cewa ba shi yake zaɓar wurin da za a sa alama ba. Abin da ya tarar a kan tsohon zaren DNA shi yake maimaitawa a kan sabo, ba ruwansa da ko alamar tana kan daidai ko an sa ta bisa kuskure. Amfaninsa ga jiki da hannunsa a cikin cututtuka duka daga wannan hali guda suka fito, don haka sai an fahimci yadda kwafin yake gudana kafin maganar cuta ta zauna a kai.

Ita alamar ƙarama ce ƙwarai: kabon ɗaya da haidirojin uku, waɗanda ake kira metil, ake maƙalawa a kan kabon na biyar na saitosin, wato harafin C a cikin haruffa huɗu na DNA. A jikin mutum da sauran dabbobi masu shayarwa, galibi ana sa ta ne a inda harafin G ya biyo bayan C kai tsaye, wurin da masana ke rubutawa CpG. Akwai irin waɗannan wurare kusan miliyan 28 a cikin DNA na mutum, kuma a sel na balagagge kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari suna ɗauke da metil. Waɗanda suka fi zama babu alama su ne cunkoson CpG da ke bakin ƙwayoyin gado masu yawa, wurin da ake fara karanta su, kuma idan metil ya rufe irin wannan baki, ƙwayar gadon takan yi shiru. Tun 1948 Rollin Hotchkiss ya hangi wannan saitosin da aka yi wa ƙari a cikin DNA na ɗan maraƙi, amma an daɗe ba a san amfaninsa ba. Wanda ya saba da rubutun ajami zai gane lamarin da sauri. Baƙaƙen suna nan yadda suke, amma wasalin da aka ɗora musu da jan tawada shi ke nuna yadda za a karanta, kuma mai kwafin littafi da ya juyo baƙaƙe daidai ya bar wasali ya yi rabin aiki ne kawai. Injin da ke kwafin DNA baƙaƙe kaɗai ya iya. Saitosin tsirara yake jerawa a kan sabon zare, bai san metil ba ko kaɗan.

Sirrin yadda ake cike wannan giɓi yana cikin siffar CpG kanta. Zare biyu na DNA suna kwance ne kai da ƙafa, C yana fuskantar G, G yana fuskantar C, saboda haka duk inda aka karanta CG a kan zare ɗaya, to a kan abokinsa ma CG za a karanta idan aka bi shi ta nasa ɓangaren. Wannan yana nufin kowane wuri yana da saitosin biyu, ɗaya a kowane zare, kuma a al'ada dukansu biyu ake sa wa metil. Idan sel ya zo rabuwa, zaren biyu sukan rabu, kowanne ya sami sabon abokin zama, sai a wayi gari tsohon zare yana da metil, sabon babu. Wannan hali na rabin alama shi ne abin da DNMT1 yake nema, kuma a gwajin ɗakin bincike an ga ya fi son sa ninki da yawa a kan wurin da babu metil ta kowane gefe. A 1975 Arthur Riggs a gefe guda, da Robin Holliday tare da John Pugh a ɗaya gefen, suka kawo wannan tunani tun babu wanda ya riƙe enzayim ɗin a hannu, suka ce lallai akwai wani abu da ke gane rabin alama ya cike ta. Sai a 1988 Timothy Bestor da abokan aikinsa suka ware ƙwayar gadon enzayim ɗin daga ɓera. Ta mutum tana kan kuromosom na 19, kuma furotin ɗin da take samarwa babba ne, mai amino asid 1616, wato tubalan da ake gina furotin da su.

Aikin da yake yi a kan kowane saitosin abin kallo ne. Saitosin yana ɓoye ne a tsakiyar murɗaɗɗen zare, a matse tsakanin maƙwabtansa, inda enzayim ba zai iya kaiwa gare shi ba. Don haka DNMT1 yakan juyo shi waje gaba ɗaya, ya cusa shi cikin wani rami da ke jikinsa. An fara ganin wannan juyi ne a 1994 a jikin wani enzayim na bakteriya mai irin wannan aiki, a binciken da Xiaodong Cheng da Richard Roberts suke ciki. A cikin ramin akwai wani amino asid mai suna sistin, na 1226 a jerin na mutum, wanda ke kama kabon na shida na saitosin ya ɗaure da shi na ɗan lokaci. Wannan ɗauri ne ke sa kabon na biyar ya karɓi metil daga wani sinadari da ake kira SAM, wanda jiki ke haɗawa daga metiyonin da taimakon folet da bitamin B12. Da zarar metil ya zauna, sai a cire haidirojin da ke kan kabon na biyar, ɗaurin ya kwance, saitosin ya koma mazauninsa, enzayim ya zarce zuwa wuri na gaba ba tare da ya saki zaren ba. Ina roƙon mai tambaya ya riƙe wannan mataki na ɗauri da kwancewa, domin a kansa aka gina magungunan da za mu zo kansu.

Da a ce DNMT1 yana yawo a sake yana sa metil duk inda ya ga CpG, da ya rufe bakin ƙwayoyin gadon da sel yake rayuwa da su. Abin da ya hana haka shi ne enzayim ɗin a kulle yake zama. Ɓangarensa na gaba, wanda ya fi na aikin girma, yana da wani sashe mai suna RFTS da ke lanƙwasowa ya zauna daidai inda DNA zai shiga, ya toshe hanya. Akwai kuma wani sashe, CXXC, wanda idan ya ci karo da CpG maras metil ta kowane gefe yakan kama shi ya jawo wani ɗan yanki na furotin ya gitta tsakanin DNA da ramin aiki. Hotunan siffar enzayim ɗin da aka fitar a 2011 ne suka nuna waɗannan matakan kariya biyu. Mai buɗe kullen kuwa wani furotin ne daban, UHRF1, wanda ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Japan, suka nuna a 2007 cewa idan babu shi metil yakan zube kusan kamar yadda yake zubewa idan babu DNMT1 ɗin kansa. UHRF1 ne ke fara gano rabin alama, ta hanyar juyo saitosin mai metil na tsohon zare ya tabbatar da shi. Yana kuma duba alamomin da ke kan histon, furotin ɗin da DNA ke naɗe a jikinsa, musamman wadda ke nuna cewa yankin rufaffe ne. Idan ya gamsu, sai ya maƙala ƙananan furotin biyu da ake kira yubikwitin a wutsiyar histon H3, ko a jikin wani furotin mai suna PAF15 da ke tafiya tare da injin kwafi. Sashen RFTS yana da wurin kama waɗannan yubikwitin biyu, kuma garin kama su ne yake ɗagawa daga bakin ramin, hanya ta buɗe. Ke nan kira da buɗe kulle abu ɗaya ne, enzayim ba ya farkawa sai a inda aka kira shi. A ganina wannan tsari ya fi sinadarin aikin kansa muhimmanci ga mai son fahimtar cuta, domin a nan ne cututtukan gado na DNMT1 suke faɗawa.

Waɗanda ke sa sabuwar alama inda babu ita tun farko su ne DNMT3A da DNMT3B, waɗanda Masaki Okano da En Li suka bayyana a 1998 da 1999. Littattafan karatu sukan raba aikin gida biyu tsaf, waɗannan masu ƙirƙira, wancan mai tsarewa, amma a zahiri rabon bai kai haka tsafta ba. DNMT1 yana tsallake wasu wurare a kowace rabuwa, wasu ya cike su cikin mintuna bayan wucewar injin kwafi, wasu sai bayan sa'o'i, kuma DNMT3A da DNMT3B sukan bi baya su toshe abin da ya rage, musamman a yankuna masu maimaitattun haruffa. A ɗaya ɓangaren akwai enzayim na TET, waɗanda aka gano aikinsu a 2009 a ɗakin binciken Anjana Rao, masu sauya saitosin mai metil zuwa wata siffa da injin tsarewa ba ya ganewa sosai. Jiki ma yakan yi amfani da rashin DNMT1 da gangan: a kwanakin farko bayan haɗuwar maniyyi da ƙwai ana tsare mafi yawansa a wajen cibiyar sel, sai alamomin iyaye su riƙa raguwa da rabi a kowace rabuwa har a sami fili a rubuta sababbi.

Hujjar cewa rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi ta zo ne a 1992, lokacin da En Li da Bestor da Rudolf Jaenisch suka lalata ƙwayar gadonsa a jikin ɓeraye. 'Yan tayin sun mutu a tsakiyar ciki, ba su wuce kwana na 11 ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna abin da ya rushe. Kusan kashi 45 cikin ɗari na DNA ɗinmu ragowar wasu abubuwa ne masu iya kwafin kansu su sauya mazauni, ciki har da burbushin tsofaffin ƙwayoyin bairos, kuma metil ne ke danne su. A 1998 an ga wani nau'insu ya farka ya yi ta bayyana da yawan gaske a 'yan tayin da ba su da enzayim ɗin. Akwai kuma wasu ƙwayoyin gado, kamar IGF2 da H19, waɗanda ake karanta kwafin uba kaɗai ko na uwa kaɗai, kuma DNMT1 ne ke riƙe da wannan bambanci tun daga ciki har tsufa. Haka nan shi ke taimakawa ɗaya daga cikin kuromosom X biyu na mace ya ci gaba da zama a rufe. Duk da haka ba kowace halitta ce ta dogara da wannan hanya ba, don yis na burodi da wata ƙaramar tsutsa da ake yawan bincike da ita suna rayuwarsu babu ita sam.

Tunda rashinsa gaba ɗaya kisa ne tun a ciki, ba a haihuwar mutum babu shi. Abin da ake gani shi ne 'yan canje-canje a kwafi ɗaya daga cikin biyu, kuma cututtuka biyu da aka tabbatar duka a sashen RFTS suke, wato sashen kullen nan. Ta farko, HSAN1E, Christopher Klein na asibitin Mayo a Amurka da abokan aikinsa ne suka danganta ta da DNMT1 a 2011. Mai ita yakan tashi lafiya lau, sai ji ya fara raguwa tun yana saurayi ko a shekarunsa na ashirin, sannan jijiyoyin ƙafa su mutu har ya taka abu mai kaifi bai sani ba, gyambo ya kama shi, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa, daga baya tunani da hali su rikice, kuma da yawa ba sa wuce shekaru hamsin da 'yan kai. Ta biyu, ADCA-DN, an gano tushenta a 2012 a binciken Juliane Winkelmann da Emmanuel Mignot: tangaɗi wajen tafiya saboda lalacewar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, kurumta, da barcin da ke faɗo wa mutum da rana tsaka ba shiri. Dukansu kwafi ɗaya ya isa ya kawo su, don haka kowane ɗa na mai cutar yana da rabin yiwuwar gado. Abin mamaki a nan shi ne ƙwayoyin sel na jijiya ba sa rabuwa, amma su ne suka fi shan wahala daga lalacewar enzayim ɗin da aka san shi da aiki lokacin rabuwa. Tabbas suna ɗauke da DNMT1 mai yawa har tsufa, kuma metil a cikinsu ba a daskare yake ba, ana cire shi ana mayarwa, ana kuma gyaran DNA da ke bukatar a sake sa alama. An ga cewa gurɓataccen furotin ɗin ba ya naɗewa daidai, yana saurin rushewa, ba ya manne wa rufaffun yankuna yadda ya kamata, kuma sakamakon shi ne ɗan ragin metil a ko'ina tare da ƙari a wasu wuraren da bai dace ba.

A cutar lufus, inda garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, an sami ƙarancin DNMT1 da ƙarancin metil a sel na T, wato wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki, abin da ke buɗe ƙwayoyin gadon da ke sa su zafin kai. Bruce Richardson ya nuna cewa magunguna biyu da aka daɗe da sanin suna haddasa ciwo mai kama da lufus, furokenamaid na bugun zuciya da haidiralazin na hawan jini, duka suna rage aikin wannan enzayim. A tsufa kuma, 'yan wuraren da ake tsallakewa a kowace rabuwa sukan taru a hankali, musamman a yankunan da ake kwafa a ƙarshe, har ya zama ana iya ƙiyasta shekarun mutum daga tsarin metil ɗinsa, kamar yadda Steve Horvath ya yi a 2013 da wurare 353.

Inda maganar ta fi faɗi, ta kuma fi rikitarwa, shi ne ciwon daji. A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein suka ba da rahoton cewa DNA na ƙari yana da ƙarancin metil idan aka gwada shi da na lafiyayyen naman da ke kusa da shi. Bayan shekara shida, a 1989, aka sami akasin haka a kansar ido ta yara: bakin ƙwayar gadon RB, mai hana sel rabuwa ba ƙa'ida, metil ya rufe shi ruf alhali haruffansa lafiya lau suke. Duka biyun gaskiya ne, kuma a ƙari guda ake samunsu tare. Faffaɗan yankunan da ya kamata su kasance a rufe sun zubar da alamarsu, kuromosom ya rasa natsuwa, abubuwa masu sauya mazauni sun motsa, sannan 'yan wuraren da ya kamata su kasance a buɗe an rufe su. Jerin waɗanda ake rufewa ya haɗa da p16 mai tsayar da rabuwa, da BRCA1 a wasu kansar mama da ta ƙwan mace, da MLH1 mai gyaran kurakuran kwafi, wanda rufe shi ne ke bayan mafi yawan kansar hanji mai tara kurakurai wadda ba ta gado ba. Galibi ba DNMT1 ne ke fara sa wannan muguwar alama ba. Laifinsa shi ne da zarar an sa ta sau ɗaya a sel guda, zai ɗauke ta ya kai wa duk zuriyar sel ɗin da irin amanar da yake kai alamar kirki, ta yadda shirun da ya faro bisa haɗari zai zama gado a cikin ƙarin kamar canjin harafi. Metil ma yana jawo canjin harafi na gaske, domin saitosin mai metil idan ya lalace yakan koma T, harafin da ba baƙo ba ne a DNA, don haka masu gyara sukan kasa gane shi, kuma wasu daga cikin wuraren da TP53, wata ƙwayar gado mai tsare sel daga zama kansa, ta fi lalacewa a cikin ƙari a kan CpG suke.

Gwaje-gwaje biyu a kan ɓeraye daga ɗakin binciken Jaenisch sun isa su hana mutum gaggawar yanke hukunci cewa enzayim ɗin abokin kansa ne ko maƙiyinta. A 1995 Peter Laird ya rage aikin DNMT1 a ɓerayen da aka san suna fitar da ƙari birjik a hanji, sai yawan ƙarin ya faɗi ƙasa warwas. A 2003 kuma François Gaudet ya samar da ɓerayen da enzayim ɗinsu bai wuce kashi 10 cikin ɗari na al'ada ba, sai suka kamu da muguwar kansar sel na T suna da wata huɗu zuwa takwas, da yawansu da ƙarin kwafin kuromosom na 15. Enzayim ɗaya aka rage, a gwajin farko ragin ya ba da kariya, a na biyu ya kashe. Abin da ya bambanta shi ne nau'in nama, da yawan ragin, da kuma ko wannan kansa ta dogara ne da rufe ƙwayoyin gado masu tsaro irin su RB da p16 ko da rikicewar kuromosom. Har wa yau rufewar ba kullum take zama asara ga majiyyaci ba, domin a kansar ƙwaƙwalwa ta giliyobilastoma, waɗanda metil ya rufe musu MGMT sun fi amfana da maganin temozolomaid, tunda ƙarin ya rasa abin gyara ɓarnar da maganin ke yi masa.

Abin da ya sa likitoci suka sa ido a kan DNMT1 shi ne harafin da ya canza ba ya dawowa, amma alama tana iya zubewa idan aka hana a kwafe ta. Maganin farko da ke yin haka ya riga fahimtarsa zuwa duniya. A 1964 Alois Pískala da František Šorm suka haɗa azasitidin a birnin Prague, aka yi ta gwada shi da yawa-yawa a matsayin mai kashe sel, gubarsa ta yi yawa, aka ja baya da shi. Sai a 1979 da 1980 Shirley Taylor da Peter Jones suka lura cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana mayar da wasu ƙwayoyin sel na ɓera su zama tsoka mai motsi a cikin faranti, suka kuma nuna cewa hana metil ne ya jawo haka. Azasitidin da ɗan'uwansa desitabin kama suke da saitosin, sai dai naitirojin ne ke zaune a gurbin kabon na biyar. Sel yakan saka su cikin sabon zare bisa kuskure, DNMT1 ya zo ya juyo su ya ɗaure da kabon na shida kamar yadda ya saba, amma matakin kwancewa ya gagara. Sai ya maƙale a nan har sel ya rushe shi, kuma kafin a ƙera wani, rabuwa ta wuce babu mai cike rabin alama. Wannan ne dalilin da ya sa ake ba da su kaɗan-kaɗan a jere, azasitidin kwana 7 a kowane zagaye na kwana 28, kuma ake jiran zagaye da dama kafin a ce sun yi aiki ko ba su yi ba: sai sel yana raye yana rabuwa metil zai ragu, idan aka kashe shi nan take an ɓata dabarar.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da azasitidin a 2004 da desitabin a 2006 domin cutar lalacewar ɓargo da ake kira MDS. A babban gwajin da aka wallafa a 2009, matsakaicin tsawon rayuwar masu nau'in cutar mai tsanani ya kai wata 24.5 da azasitidin, a kan wata 15 da kulawar da aka saba. A 2020 haɗa shi da benetokilas ga tsofaffi masu kansar jini ta AML ya ɗaga adadin daga wata 9.6 zuwa 14.7. Ci gaba ne na gaske, amma ba warkewa ba ne, domin kusan rabin marasa lafiya ba sa amsawa, waɗanda suka amsa ma cutar takan dawo, kuma alamar takan koma mazauninta idan aka daina shan magani. A kansar da ke da ƙari mai tauri kuwa, irin ta huhu ko ta hanji, sakamakon bai taka kara ya karya ba. Bayanin da aka saba bayarwa, cewa maganin yana buɗe masu tsaron da aka rufe, ya zama wani ɓangare ne kawai na labarin. A 2015 ƙungiyoyi biyu suka nuna cewa zubar metil yana farkar da burbushin tsofaffin bairos ɗin nan da ke cikin DNA, sel ya ɗauka cuta ta shige shi, ya tayar da garkuwa a kan kansa.

Akwai wani reshe na wannan labari da ya shafe mu kai tsaye, wato sikila, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya. Jaririn da ke da sikila ba ya fara ciwo sai ya kusa wata shida, domin har lokacin jininsa cike yake da himogulobin na tayi, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Daga nan jiki yakan rufe ƙwayar gadon wannan himogulobin ya koma na manya, kuma DNMT1 yana cikin tawagar furotin da ke riƙe da wannan rufi. A 1982 Joseph DeSimone da abokan aikinsa a Chicago suka ba gwaggon biri azasitidin, himogulobin na tayi ya tashi sosai, kuma cikin shekara guda aka ga irin haka a jikin mutane masu talasimiya, wata cutar jini ta gado, da masu sikila. Tsoron kada maganin ya haddasa kansa a jikin wanda zai sha shi tsawon rai ne ya sa aka karkata zuwa haidiroksiyuriya, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998 kuma shi ne ake amfani da shi a asibitocinmu yau. Amma ba a watsar da tunanin ba. Matsalar desitabin ita ce wani enzayim na hanji da hanta yana rusa shi cikin mintuna, don haka aka haɗa ɗan ƙanƙanin adadinsa da tetirahaidiroyuridin mai hana wannan rushewa, kuma gwajin matakin farko da aka wallafa a 2017 ya nuna ƙaruwar himogulobin na tayi a manya masu sikila da suka sha shi ta baki. Wannan haɗi bai wuce matakin gwaji ba, ba magani ba ne da za a nema a kemis, kuma irin waɗannan magunguna suna da haɗari ga ɗan tayi, abin da ke da nauyi ga cutar da masu ita matasa ne masu shirin haihuwa.

Rauni mafi girma na azasitidin da desitabin shi ne sai sun shiga cikin DNA kafin su yi aiki, kuma enzayim ɗin da ya maƙale a jikin zare shi kansa ɓarna ne da sel zai gyara, daga nan ne yawancin faɗuwar ƙwayoyin jini da marasa lafiya ke fama da ita take fitowa. Ba sa kuma bambanta DNMT1 da DNMT3A da DNMT3B. A 2021 masu bincike na kamfanin GSK suka bayyana wani sinadari, GSK3685032, wanda ba ya shiga cikin zare kuma ba ya ɗaurewa dindindin. Yana kutsawa ne daidai wurin rabin alama ya tare gurbin da wani lanƙwasasshen yanki na DNMT1 yake shiga, ya bar sauran enzayim biyun suna aikinsu. A ɓeraye masu kansar jini ya rage metil fiye da desitabin, kuma jikinsu ya fi jure shi. Ko da irin wannan ya kai ga mutane, zai rage metil ne a ko'ina cikin DNA, a wurin da ake so da wurin da ba a so, shi ya sa wasu masu bincike suka juya ga amfani da CRISPR, wata na'urar furotin mai nemo wuri guda a jikin DNA ta yanke shi, bayan an hana ta yankan, su ɗaura mata TET ko DNMT3A su kai ta bakin ƙwayar gado guda ɗaya tak, su goge alama ko su sa ta, sannan su bar DNMT1 na sel ɗin ya ci gaba da kwafin sabon tsarin a duk rabuwar da za ta biyo baya.